Albarushin da Ya Sha Sanyi

A unguwar Hindawiyya ta birnin Makka, idan aka ce Mukhtaru mai albarushi ba a sake tambayar wanne. Baƙo yakan ɗauka wani tsohon soja ne, sai a nuna masa wani siririn dattijo zaune a ƙofar shago yana gyaran murhun gas, yana karkato kunnen hagu ga duk mai yi masa magana. Gyaran murhu shi ne abincinsa tun zamanin risho. Albarushi kuwa gadonsa ya yi, kuma shi ne abin da ya fi kashe wa hankali a rayuwarsa.

Kakansa maharbi ne daga ƙasar Haɗeja. Ya taho hajji a ƙasa ta Sudan, ya rabu da bindigarsa a hanya, ya iso Makka ba shi da komai sai hannun da ya san albarushi mai kyau daga marar kyau. Ɗansa Awwalu, mahaifin Mukhtaru, ɗaukar ruwa ya yi a unguwar Tandabawi, yana hawa benaye da garwa biyu rataye a sanda. A can ya saba da mutanen duwatsu da ke saukowa bukukuwan aure su yi wasan da Hijazawa ke kira ta'ashir, har suka gane yana da idon albarushi, suka riƙa kawo masa ya duba kafin su ɗura.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan haka yake. Ana buga ganguna, maza su yi sahu, mutum ɗaya ya fito tsakiyar fili da doguwar bindiga irin ta dā, wadda a ƙasar Hausa za a kira bindigar toka. Babu harsashi a cikinta, albarushi ne zalla. Ya yi juyi da ita, ya kifa bakinta ƙasa daidai ƙafafunsa, ya daka tsalle, yana sama ya danna kunama. Wuta ta shimfiɗu a ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, shi kuma ya diro cikin hayaƙin ana guɗa. Duk kyan wasan da duk haɗarinsa suna cikin ɗan lokacin nan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Idan albarushi ya tashi a kan kari, lafiya lau. Idan ya yi nawa ko da ƙiftawar ido, mai tsalle zai diro ne daidai lokacin da wutar ke fita, kuma da yawansu ba sa sa takalmi.

Mukhtaru ya ga abin da hakan ke yi tun yana saurayi. Akwai wani mutum da ke sayar da asuwaki a hanyar Harami, yana tafiya a kan diddige ɗaya, tafin ƙafarsa a tattare kamar tsohuwar fata. Awwalu ya tsayar da shi a gaban mutumin, suka gaisa, suka wuce, sannan ya gaya masa cewa wannan shi ne gwanin tsalle na zamaninsa, albarushi mai laima ne ya mai da shi haka. Daga ranar ya kafa masa doka: mai zaɓen albarushi ba ya tsalle, tsayawa yake a gefe yana saurare.

Yadda Mukhtaru ke zaɓe bai canza ba tun daga hannun ubansa. Zai murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu ya ji ko ƙwayoyin sun yi daidai da juna. Zai ɗora tsunkule ɗaya a kan farin farantin shayi na tangaran, ya taɓa da garwashi. Mai kyau yakan tashi da numfashi guda ya bar faranti kusan fes. Marar kyau yakan yi tsaki, ya watsa tartsatsi, ya bar baƙaƙen ɗigo. Amma babban alƙali kunne ne. Idan aka harba, faɗuwar kunama da fashewar albarushi dole su zo masa a ƙara ɗaya. In ya ji biyu, komai kyan albarushin a ido, sai ya ce a zubar.

Kunnen nan shi ne ya fara cin amanarsa. Shekaru na tsayuwa kusa da bindiga sun kashe na dama gaba ɗaya, na hagu kuma yana bin sawu. Kowa ya sani, ba wanda ya ce masa. Ma'aruf, abokinsa na ƙuruciya kuma shugaban ƙungiyar wasansu, wanda takardar izini ke hannunsa, bai daina kawo masa albarushi ya zaɓa ba, sai dai ya koma ɗaga murya kamar da kowa haka yake magana.

Wani abin da ya rasa shi ne ɗakin soro. A tsohon gidansu na Tandabawi akwai ɗan ɗaki a can saman bene, busasshe, iska na ratsa shi ta tagar katako, ba mai shiga sai shi. Nan albarushi ke kwana kafin biki. Da rusau ya ci gidan suka koma wata shagga, wato sashe a gidan bene, a Hindawiyya, hawa na sama, ɗakuna a matse, kowanne da mukayyif yana huro sanyi. Sai ya zaɓi ɗakin baya wanda na'urarsa ta lalace, ya hana a gyara, ya mai da kan kwabar tufafi ma'ajiya. Har yanzu in ya bi ta inda gidan yake dā, yakan ɗaga kai ya nemi daidai inda tagar take a cikin iska.

Bandar shi ne ɗansa namiji tilo, auta bayan 'yan mata. Yana aikin karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake mayarwa, sai in yana neman wani abu wurin uwarsa. Ya koyi tsalle a hannun Ma'aruf, ya yi a bukukuwan abokai, aka yaba. Da aurensa ya taso, amaryar Nuf ce, 'yar Hausawan Ɗa'if, waɗanda suka tashi cikin mutanen duwatsu suke ganin wasan nan nasu ne. Kawunta Hisham gwani ne da aka sani, kuma ba ya rufe baki. A wurin sa rana ya ce Hausawan Makka ba su iya komai ba sai zuba shayi da ɗaukar jakar alhazai, don haka kada su wahalar da kansu, shi zai zo da mutanensa su tayar musu da ƙura. Aka yi dariya. Bandar bai yi ba. A hanyar gida ya rantse shi zai fara shiga fili a bikinsa, da albarushin ubansa, kafin wani ɗan Ɗa'if ya ɗaga ƙafa.

Saboda haka da Ma'aruf ya kawo albarushi kala-kala, Mukhtaru ya zauna a kansu fiye da yadda ya saba. Ya murza, ya shinshina, ya ƙona, ya wanke faranti, ya sake ƙonawa. Wanda ya zaɓa rabonsa da ganin irinsa an jima: ƙwayoyi daidai wa daida, baƙi mai sheƙi, tashi ɗaya ba ɗigo. Ya zuba a gwangwani, ya ɗora kan kwaba, ya ji hankalinsa ya kwanta.

Makon bikin aka yi wani irin zafi, har kwalta na laushi. Gida ya cika da mata, kaskon turaren wuta na yawo ɗaki zuwa ɗaki ana turara kayan lefe, kuma da wuri ya ƙure har ɗakin baya aka shimfiɗa kaya. Mukhtaru yana shago, bai ga ko ɗaya ba.

Ranar biki da safe ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin, sai ya ji shi da sanyi. Jikinsa jiƙe yake da 'yan ɗigon ruwa kamar kwalbar lemo. Ya buɗe murfin, wanda dama ba ya kamawa sosai, sai wani wari da ya sani ya buge shi, warin da ba shi da alaƙa da albarushi ko kaɗan. Daddawa ce.

Ya kira matarsa Fatsuma, ya nuna mata gwangwanin. Ba ta yi musu ba. Ta ce ita ta sa shi a tallaja, wato firji, can ƙasa bayan kuka da daddawar da alhazai suka kawo musu daga Kano. In ya fita shago ta saka, in ta ji takunsa a matakala ta fitar ta mayar kan kwaba, don ta san halinsa. Haka take yi tun farkon mako. Yau ne kawai ya taɓa gwangwanin kafin sanyin ya sake shi.

"Abu Bandar, gidan nan garwashi ne a kowane lungu, ga zafin nan," in ji ta. "So kake in bar shi a sama mu tashi da jama'ar mutane? Duk abin da nake tsoron ya lalace a tallaja nake sa shi."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma da shi ne a gida da ya hana shiga ɗakin da kasko. Sai dai ya san abin da ba ta sani ba: duk fitar da ta yi da gwangwanin daga sanyi zuwa zafi zufa yake yi, ciki da waje, kuma albarushi shanye zufar yake.

Ya ɗauko faranti ya gwada. Albarushin ya tashi, amma bai iya cewa ko ya yi tsaki ba, domin bai ji komai ba sai ɗan huci a fuskarsa. Ya kai farantin bakin taga. Akwai ɗigo biyu ko uku, ko kuwa tsohon tabo ne na tangaran, idonsa bai raba masa ba. Ya tambayi Fatsuma me ta ji. Ta ce fuf ta ji. Ya ce fuf guda, ko mai jela? Ta dube shi, ta ce wallahi ita duk fuf ɗaya ne a wurinta. Sannan ta janye matan daga ɗakin.

Ya baza albarushin a tire ya ajiye inda rana ke shigowa, ya zauna yana gadinsa har azahar. Ya bushe a ido, ya bushe a hannu. Amma ubansa ya sha gaya masa cewa albarushin da ya sha ruwa ya bushe ba ya komawa daidai. Wani sashe zai tashi lafiya, wani ya yi nawa, kuma ba a gane wanne ne wanne sai a cikin bindiga. Ya cika 'yan bututun tagullar da masu wasa ke jerawa a ɗamara, kowane ɗuri ɗaya. Duk wanda ya toshe sai ya tuna mai asuwaki.

A wata istiraha ake bikin, gidan hutu mai babban fili a hanyar Ɗa'if. A mota Bandar na ta waya da abokai yana dariya, Mukhtaru na rungume da jakar bututun a cinya. Sau da yawa ya juya zai yi magana, sai ya ga ƙeyar yaron an yi mata sabon aski, ya fasa.

Bayan la'asar ya ja Ma'aruf bayan katanga ya gaya masa komai. Ma'aruf ya fara dariyar daddawa, ya ga fuskar abokinsa, ya daina. Ya zazzage bututu ɗaya a tafin hannu ya duba, ya ce shi bai ga aibu ba. Ya ƙara da cewa ba su da wani albarushin, duk ƙungiya da nasa ta dogara, kuma in suka janye yanzu Hisham zai ba jikokinsa labari. Suka shirya a gwada. Ma'aruf ya ɗura, ya harba a ƙasa, ya ce ƙara ɗaya ya ji.

"Kai da wane kunnen?" in ji Mukhtaru.

Duk wanda ya tsufa a wasan nan rabin kurma ne, su biyun sun sani.

Mukhtaru ya karɓi bindigar. A shago ya daɗe da gane cewa abin da kunne ya kasa kamawa hannu yakan ji. Da tafin hannu yake gane murhun da ke shirin toshewa. Ya ɗura, ya nisantar da bakin bindigar daga ƙafarsa, ya shimfiɗa tafin hagu a kan katakonta, ya rufe ido. Kunama da bugu suka zo masa tare. Ya ɗauki wani bututun daga tsakiyar jaka, haka nan. Ma'aruf ya fara cewa to ka gani. Mukhtaru ya laluba ƙasan jakar ya zaro wani. Wannan karon ya ji faɗuwar kunama a yatsansa, sannan shiru, ɗan shiru ƙanƙane, sannan katakon ya bugi tafinsa.

Ya buɗe ido. A cikin fili an riga an fara ganguna, yana jin su a ƙirjinsa. Ta kan katanga ya hango Bandar cikin farar riga, an ɗaura masa ɗamara, ya tuɓe takalma ya ajiye a gefe, yana jiran a kawo masa bututu.

Ma'aruf ya ce a zaɓi masu kyau a ba yaron, a bar sauran. Mukhtaru ya tambaye shi ta yaya za a zaɓa, tunda sai an ƙona ake sani. Ya ɗaure bakin jakar ya miƙa masa, ya ce kada ko ɗaya ya shiga bindiga. Sannan ya gyara hularsa ya shiga fili.

Bai bi ta gefe ba, don babu hanyar gefe. Ya ratsa tsakiyar fili a gaban sahu biyu, dattijo shi kaɗai ba bindiga, har masu ganga suka sassauta. Ya tsaya gaban Hisham, wanda ke zaune cikin mutanensa da bindiga a kan gwiwa, suka gaisa gaisuwar surukai. Sannan ya ce, da muryar kurma wadda ba ta san ta yi ƙarfi ba, albarushinsa ya sha laima, yana roƙon a san masa wanda ɗansa zai yi wasa da shi.

Kowa ya ji. Hisham ya jingina baya, ya dubi mutanensa, ya ce ashe yau ranar tarihi ce, mai albarushin Makka ya zo cin bashin wuta wurin 'yan dutse. Wani ya tambaya ko ruwan sama aka yi a Hindawiyya ba su ji labari ba. Aka kwashe da dariya. Mukhtaru bai ji kalmomin duka ba, amma ya ga bakuna, ya tsaya har suka gama. Hisham ya kwance ɗamararsa ya miƙa masa da hannu biyu, yana murmushi.

Mukhtaru ya karɓa, ya zaro farin farantinsa daga aljihu, ya nemi a kawo masa garwashi daga wurin masu shayi.

Murmushin Hisham ya ɗauke. Ya ce shi da hannunsa ya zaɓi albarushin nan, ba a taɓa gwada masa kaya a gaban jama'a ba. Mutum ya zo roƙo, kuma ya tsaya duba haƙorin kyauta?

"Ka yi haƙuri, Hisham," in ji Mukhtaru. "Ba kai nake gwadawa ba. Ƙafar mijin 'yarku ce. Kuma ko na ƙona, ido kawai zan yi aiki da shi. Kunnena ya tafi."

Bai taɓa faɗin haka a gaban kowa ba. Hisham ya miƙe, ya zare bututu ɗaya daga ɗamarar ba tare da ya zaɓa ba, ya ɗura bindigarsa, ya shure takalmansa. Ya matso daidai kunnen hagu na dattijon.

"Ajiye farantinka, Ammi Mukhtar. Ni zan fara. Ka dubi ƙafata."

Bandar ya iso a lokacin, fuskarsa a haɗe. Ya yi wa ubansa magana da Larabci a hankali, da sauri, cewa ya rantse shi zai fara, cewa an mai da shi abin dariya gaban surukansa a ranar aurensa. Da ya ga uban bai motsa ba sai ya juya Hausa, Hausarsa mai nauyi, ya ce, "Abuya, me ya sa ba ka gaya mini a gida ba?" Mukhtaru ya ce ya so, bakinsa ne ya ƙi. Yaron ya juya masa baya.

Hisham ya shiga fili, ya yi juyi, ya tashi sama, wuta ta fita yana can ƙololuwa, ya diro a kan hayaƙi. Ya sake ɗurawa da wani bututun ya maimaita, ya dubi Mukhtaru, ya ɗaga masa tafin ƙafa ɗaya. Sannan ya ɗaura wa Bandar ɗamarar da kansa.

Mukhtaru ya tsuguna a bakin fili, daidai inda idonsa zai yi layi da ƙasa. Bai dubi fuskar ɗansa ba, bai dubi bindigar ba. Ƙafafu biyu kawai yake gani suna zagaye a kan yashi, irin nasa sak, dogayen yatsu da faɗin diddige. Suka haɗe, suka lanƙwashe, suka bar ƙasa. Ya ga haske ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu suna sama, ya ga hayaƙi ya rufe komai. Bai ji ƙarar ba. Bai numfasa ba sai da hayaƙin ya yaye ya ga ƙafafun suna ci gaba da juyi.

Bandar bai zo wurinsa ba har aka kira magariba. Mukhtaru na zaune a bakin famfo yana alwala, sai ya ji an zauna kusa da shi. Bandar ne. Ya miƙa ƙafarsa ƙarƙashin ruwa ya fara wanke baƙin hayaƙi, yana yi a hankali, ya juyo da tafin yadda uban zai gani. Fatar lafiya lau, babu ko ɗigon ƙuna. Mukhtaru ya duba ta dama, ya jira ya ga ta hagu, sannan ya ƙarasa alwalarsa.

Bayan biki ya kai wa Ma'aruf farantin, ya ce a nemi mai kunne a koya masa, shi zai zauna kusa ya nuna abin da hannu da ido za su iya. Har yanzu 'yan Ɗa'if in sun sauko suna tsayawa a shagonsa su tambaya ko an yi ruwa a Hindawiyya, shi kuma ya karkato kunnen hagu ya ce su maimaita. Fatsuma ta zubar da daddawar gaba ɗaya, ta ce miya ta koma warin bindiga, ta aika a kawo mata wata da alhazan bana.